Faɗakarwa Ga 'Yan'uwa A Kan Haƙƙin Mazlumi Tun Ba A Je Gaban Alƙali Ba

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai masu karanta wannan takarda, ku sani akwai wani lokaci a cikin kowace shari'a wanda ba a faye magana a kansa ba, alhali kuwa a cikinsa ne yawancin haƙƙoƙi suke salwanta. Shi ne lokacin da ke tsakanin sa'ar da aka cuci mutum da sa'ar da aka karanta wa wanda ake tuhuma laifinsa a gaban alƙali. Wani sa'i kwana biyu ne, wani sa'i wata shida, wani sa'i kuwa ba shi ƙarewa har mai haƙƙi ya gaji ya ce ya bar wa Allah. Abin da nake nufin bayyanawa shi ne, haƙƙin wanda aka zalunta yana tabbata tun daga sa'ar da aka zalunce shi, ba ya jiran ranar da hukuma ta ga damar rubuta tuhuma. Kuma duk wanda ya yanke wani abu cikin al'amarinsa a wannan tsakani ba da saninsa ba, ko ɗan sanda ne, ko mai unguwa, ko malami irina, ya sa hannu a abin da ba nasa ba.

Mu fara da abin da ke gabanmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan magudanai ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kadawa da Kura, noman rani ya zama abin dogaron mutanen wannan yanki, mu ma maƙwabtansu na ƙasar Madobi muka shiga ciki da injunan ban ruwa a fadamunmu. Dukiyar da kakanninmu ke ajiyewa a rumbu cikin gida, yanzu a fili take kwana: inji, da tiyo, da buhun taki, da shinkafar da aka baza tana shan iska. Inda dukiya ta kwana a fili kuwa, ɓarawo ba shi rasa hanya.

To, ku ɗauki misalin mutum, ba sai an ambaci gari ko ofis ba, domin kowa ya san irinsa. An sace masa inji tumatirinsa yana fure. Ya tafi caji ofis ya ba da bayani, an rubuta da Turancin da ba ya karantawa, ya dangwala yatsa. An ce ya kawo kuɗin mai a fita nema, ya kawo. Allah ya sa an kama yaron da injin a hannunsa. Sai a ce injin ba shi fita, domin shi ne shaida, a jingine shi a bayan kanta. Tumatir mai fure kuwa ba ya haƙurin mako guda babu ruwa. Ya zo Litinin a ce ya komo Alhamis, ya komo Alhamis a ce mai binciken ya fita. Ana nan, rannan yana kasuwar Kwanar Gafan sai ya yi kiciɓis da wanda ya sace masa injin yana yawonsa. Ya koma ya tambaya, a ce masa ai an sasanta. Da wa aka sasanta? Dangin yaro sun zo, wani babba ya yi waya, an rufe magana. Shi da aka cuta ba a kira shi ba, ba a tambaye shi ba, ba a ko aika masa ba.

Kada wani ya ɗauka belin nake zargi. Beli haƙƙi ne na wanda ake tuhuma, kuma tsarin mulkin ƙasa na 1999, a sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin yini guda in akwai kotu a cikin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Wannan daidai ne, domin tsare mutum babu hukunci shi ma zalunci ne. Abin da nake zargi shi ne, an ƙidaya wa wanda ake tuhuma sa'o'insa a rubuce, shi kuwa wanda aka cuta ba a rubuta masa ko sa'a ɗaya da za a ce wajibi ne a sanar da shi inda maganarsa ta kwana ba.

Fasali. Yanzu mu duba abin da muka karanta a zaure.

Malamanmu sun raba haƙƙi gida biyu, haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, kuma akwai inda suke haɗuwa, kamar sata. Haƙƙin bawa ba mai kayar da shi sai shi bawan. Sarki ba shi da ikon yafe bashin da ake bin wani, balle dogarinsa. Ku tuna ƙissar Safwanu ɗan Umayya, Allah ya yarda da shi, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ya kwanta a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zare, ya kama shi ya kai shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da aka yi umarni da haddi sai Safwanu ya ji tausayi ya ce ya ba shi mayafin sadaka. Aka nuna masa lokacin wannan kyauta ya wuce, da ma ya yi ta tun bai kawo shi ba.

Ku tsaya a kan wannan ƙissa, ya ku almajirai, domin hukunci biyu ne a cikinta. Na farko, tun magana ba ta isa ga hukuma ba, tana hannun mai kaya. In ya so ya yafe, in ya so ya kai ƙara, kuma ana iya yin ceto a wurinsa, sai dai Malik bai so a ceci wanda ya shahara da cutar mutane ba. Na biyu, in ta isa ga hukuma ta fita daga hannun kowa, ba mai sayar da ita. An kuma ruwaito daga Malik cewa masu tsaro da dogaran sarki a matsayin sarki suke a wannan babi, watau in ɓarawo ya shiga hannunsu magana ta riga ta isa. To, in mai mayafi da kansa bai iya janye ta ba bayan ta isa, ina wanda aka ɗauka aikin tsaro ya sami ikon rufe ta a bayan mai kaya? Sa'an nan kayan da aka sace, in yana nan da kansa, ana mayar wa mai shi ko an yi haddi ko ba a yi ba. Wannan ba shi da saɓani a littattafan da muke karantarwa.

A babin jini abin ya fi fitowa fili. Waliyyan wanda aka kashe su ne masu magana: ko su nemi kisasi, ko su yafe, ko a yi sulhu a kan diyya. In sun yafe kisan ganganci, mazhabarmu ta bar wa hukuma nata rabo, bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, domin ita ma jama'a an keta mata alfarma. Kisan gilla da fashi ne kaɗai aka cire daga hannun waliyyi aka ce ba yafewa. Har ila yau Malikiyya sun keɓanta da wani abu da ya dace da maganarmu ƙwarai. In mutum ya ji rauni, kafin ya cika ya ambaci wanda ya yi masa, adilai biyu suka ji, to wannan magana tasa lausu ce, watau alama mai ƙarfi wadda za a gina rantsuwa hamsin ta ƙasama a kanta. Ku duba fa, Shari'a tana sauraron bakin mazlumi tun yana kwance cikin jininsa, tun ba a san wane alƙali zai zauna ba. Saboda haka wanda ya bar mai rauni a ƙofar asibiti yana jiran takarda har ya cika, ya yi hasarar rai, ya kuma yi hasarar hujja.

Ga kuma mas'alar da ta fi kowace yawa a wannan yanki namu, ɓarnar dabbobi a gona. Hukuncinta tsoho ne, Alƙur'ani ya ba da labarin shari'ar Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu a kanta cikin Suratul Anbiya, Muwaɗɗa kuma ta kawo hukuncin da aka yi a kan taguwar Bara'u ɗan Azibu: tsaron gona da rana yana kan mai gona, abin da dabba ta ɓata da dare kuwa mai dabba ke biya. In makiyayi yana tare da dabbobinsa ya yi sakaci, da rana ma ya lamunta. Amma duk wannan ba shi da amfani in ba a je an ga ɓarnar an ƙiyasta ta tana ɗanya ba. Bayan kwana goma alkama ta sake tofo ko ta bushe, sawun shanu ya ɓace, sai musu. A nan ma ina tuna muku, makiyayin da aka sare wa saniya, ko aka nome masa burtali, shi ma mazlumi ne, haƙƙinsa bai gaza na mai albasa ba.

In ka ce, ya Malam, wannan magana taka tana buɗe ƙofa ga masu ƙage, kowa ya tashi ya ce an cuce shi sai a kama masa wanda ya ƙi jini. Sai in ce, sauraron mai ƙara daban, gaskata shi daban. Hujja a kansa take har abada. Ibnu Farhun a Tabsiratul Hukkam ya kasa waɗanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, ba a taɓa shi, har akan ladabtar da mai ƙagen, wanda aka sani da ɓarna, ana tsare shi a bincika, wanda ba a san halinsa ba, ana riƙe shi kaɗan har al'amarinsa ya bayyana. Ma'auni ke nan wanda ya kiyaye ɓangare biyu, kuma ba a cikinsa inda aka ce a kori mai ƙara daga ƙofa.

Fasali. Ina aka sami wannan rata, har mai haƙƙi ya zama baƙo a cikin shari'arsa?

A dā mai ƙara da ƙafarsa yake zuwa gaban alƙali, shi ne mudda'i, da bakinsa yake magana. Shaihu Magili, da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa nasiha, kuma abin da ya fi nanatawa a cikinta shi ne kada sarki ya shige bayan labule talakawa su kasa isa gare shi. Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansa, a Kitabul Farƙi ya lissafa miyagun al'adun sarakunan zamaninsa, a ciki har da cewa ba a isa gabansu sai da gaisuwa, da kuma mayar da hukunce-hukunce karɓar dukiya. Ku lura da ta biyun nan. In aka mayar da laifi ciniki tsakanin mai laifi da mai iko, kuɗi ya shiga aljihun mai iko, mai laifi ya tafi gida, wanda aka cuta ya tashi a tutar babu. Sunan gaisuwa ya sake, yanzu kuɗin mai ake cewa, ko kuɗin takarda, ko na goro. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam, da mutanen gari suka roƙe shi ya bayyana musu yadda ake hukunci.

Ba na ce kotunan alƙalai na zamanin En'e sun kuɓuta daga zalunci ba. Iyayenmu sun ba mu labarin abin da 'yan doka suka yi wa talakawa. Amma tsarin ya sake ne gab da samun mulkin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, daga shawararsu aka yi dokar laifuffuka ta 1959 da dokar tsarin shari'arsu ta 1960. Tun daga nan laifi ya zama tsakanin hukuma da mai laifi. Wanda aka cuta ya koma mai shaida, ana kiransa in ana bukatarsa. An bar wa waliyyan jini wata 'yar ƙofa, aka ce kotun gargajiya kafin ta yanke hukuncin kisa ta tambaye su abin da suke so ta rubuta, amma wannan a ƙarshen shari'a ne, kuma shawara ce. Daga 1968 aka raba sarakuna da kotuna, 'yan doka kuma aka shigar da su cikin 'yan sandan tarayya a shekarun da suka biyo. A 2000, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ɗan wannan ƙasa tamu ta Madobi, aka komo da kisasi da diyya a kotunan Shari'a na Kano. Mun yi murna, kuma abin murna ne. Sai dai ɗakin ciki aka gyara, zauren shiga yana nan yadda yake: ɗan sanda ne ke karɓar ƙara, shi ke bincike, shi ke rubuta takardar rahoton farko, kuma sau da yawa shi ke zaɓen kotun da za a kai. A manyan laifuffuka, kamar kisa da fashi, majistare ba shi da hurumi, sai dai ya aika da wanda ake tuhuma Kurmawa ko Goron Dutse a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Sashe na 211 na tsarin mulki kuwa ya ba Antoni Janar na jiha ikon fara ƙara, da karɓe ta daga hannun wani, da janye ta kafin hukunci.

Adalci ne in faɗi cewa masu wannan tsari suna da hujja. In aka bar kowace ƙara a hannun mai ita, mai ƙarfi zai tsorata marar ƙarfi ya janye, maraya da baƙo kuma ba su da mai tsaya musu. Hukuma ta ɗauki ƙara domin ta zama gatan marar gata. Amma wakilin da ya karɓi amanar ƙararka, sa'an nan ya daina ɗaga maka waya, ya yi sulhu da abokin shari'arka ba ka sani ba, me za a kira shi a babin wakalci?

Kada ku zaci cutar ƙasarmu ce kaɗai. A Amurka sun yi doka a 2004 wadda ta ba wanda aka cuta haƙƙin a yi shawara da shi, a kuma yi masa adalci. Sai ga wani attajiri, Jeffrey Epstein, wanda aka samu yana lalata da 'yan mata ƙanana fiye da 30 a jihar Fulorida. A 2007 lauyoyin gwamnatin tarayya suka ƙulla yarjejeniya da lauyoyinsa a ɓoye, cewa ba za su tuhume shi ba in ya amsa ƙaramin laifi a kotun jiha. Ba a gaya wa 'yan matan ba, har aka aika musu da takardu ana cewa su yi haƙuri ana kan bincike. A 2008 ya amsa, ya yi kamar wata 13 a tsare. 'Yan matan suka kai ƙara a shekarar, aka yi ta ja har 2019, wani alƙali ya ce lalle an karya doka da aka ɓoye musu. Amma a 2021 kotun ɗaukaka ƙara, da rinjayen alƙalai 7 a kan 4, ta ce dokar ba ta ba su damar kai ƙara ba muddin ba a shigar da tuhuma ba, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron maganar a 2022. Ku ga dabara: in haƙƙi ba ya farawa sai an rubuta tuhuma, mai son danne shi sai ya ƙi rubutawa. Ingila ta ɗan toshe wannan kafa, domin tun 2013 wanda aka cuta yana da damar neman a sake duba shawarar masu gabatar da ƙara in sun ce ba za su tuhumi kowa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 1985 ta yi sanarwa cewa a riƙa sanar da mazlumi yadda maganarsa ke tafiya, a kuma ji ra'ayinsa. Sanarwa ce dai, ba ta da dogari.

Mu komo gida, ga abin da ya taɓa maƙwabtanmu. A ƙarshen Maris na 2025, kwanakin ƙarshe na Ramadan 1446, mafarauta suna komowa daga Fatakwal domin yin Salla a gida, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo. 'Yan banga suka ga bindigogin farauta ƙirar gida, aka yi musu kururuwar masu satar mutane, taro ya kashe 16 daga cikinsu, aka ƙone su. Allah ya jiƙansu. Da yawansu mutanen Torankawa ne ta ƙasar Bunkure. 'Yan sanda suka ce sun kama mutum 14. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka tafi har ƙauyen suka yi ta'aziyya, aka yi alkawarin hukunci da biyan diyya. Zuwan ya kyautu, ba mai musun wannan. Amma ku auna matsayin waliyyan jinin nan a kwanakin da suka biyo. A fiƙihu su ne masu magana, kuma hukuncin jama'a in sun taru a kan kashe mutum guda sananne ne tun daga abin da Sayyidina Umar ya yanke a kan mutanen San'a. A tsarin da ake bi kuwa, takardun bincike suna wata jiha mai nisan tafiyar yini a mota, masu yanke shawarar tuhuma ba su san fuskarsu ba, abin da ke hannunsu alkawari ne. Alkawarin mai mulki alheri ne, in ya cika a gode masa; haƙƙi kuwa shi ne abin da gwauruwa za ta iya tsayawa gaban alƙali ta nema in an ƙi ba ta.

Akwai wata fuska ta wannan musiba wadda ya kamata mu kalla ko da tana da ɗaci. Mutanen wancan yanki sun daɗe suna kukan masu satar mutane a dazukansu. Wannan bai zama uzuri ga kowa ba, jinin da aka zubar haram ne, wanda ya zubar zai amsa. Amma haka abin yake ko'ina: mutumin da ya kai kuka sau uku ba a saurare shi ba, a na huɗu ba ya kaiwa, sai ya ɗauki gora. Mu ma nan in an yi ihun ɓarawon waya ko ɓarawon babur, kun san abin da samari ke yi kafin kowa ya tambayi hujja. Haƙƙin mazlumi a ji shi ne, a bi masa kadinsa. Bai haɗa da ya zama shi ne alƙali shi ne hauni ba.

Fasali, a kan ƙofofin da ke buɗe yanzu, domin da yawa ana cutarmu ne saboda rashin sani.

Wanda 'yan sanda suka yi wa shiru bai rasa hanya ba. Dokar wannan ƙasa ta Arewa tun 1960 ta yarda mutum ya kai ƙarar laifi kai tsaye gaban majistare ko alƙali, shi kuma ya saurara ko ya umarci a bincika a kawo masa rahoto. Wannan ita ce ragowar tsohuwar hanyar mudda'i, kuma ita ce mafi ƙarfin abin da talaka ya mallaka. Kayan da aka riƙe da sunan shaida, ana iya roƙon kotu ta ba mai shi a kan takardar lamuni, ya kawo ranar da aka bukata. Mai rauni kuwa, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, dokar 2017 kuma ta ce wanda aka harba a yi masa magani nan take, da takardar ɗan sanda ko babu. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, Allah ya tsare, kada a tsaya taron dangi. A kai ta asibiti kafin kwana uku su cika, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin sa'a 72 yake aiki, alamun da likita zai rubuta kuma ba su daɗewa. A Asibitin Murtala cikin birni akwai cibiyar Waraka da aka keɓe domin wannan. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kamu a kan bashi da ciniki. Wannan gargaɗi ne gare mu mu ma, kada wanda aka cuta ya ce a kamo masa uban yaro ko matarsa. In kuwa ma'aikaci ne ya danne magana, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha, akwai ofishin Kwamishinan 'Yan Sanda a Bompai.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi tata a kan tsarinta a 2019, ta ƙara abubuwa masu kyau. Ta tarayyar ta ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, ta ce in za a yi rangwamen tuhuma domin mai laifi ya amsa a ji ta bakin wanda aka cuta, ta kuma yanka wa Antoni Janar na tarayya kwana 14 ya ba da shawara bayan takardu sun iso gare shi. Amma yawancin wannan alheri yana jiran magana ta shiga kotu. Abin da muke roƙon wakilanmu na Majalisar Dokoki ta Kano kaɗan ne, ba shi cin kuɗi: a wajabta ba mai ƙara 'yar takarda mai lamba da sunan mai bincike ranar da ya kai ƙara, a karanta masa bayaninsa da Hausa kafin ya dangwala, a sanar da shi in za a saki wanda ya cuce shi, kuma kada a rufe magana sai an kira shi an ji ta bakinsa, in bai yarda ba ya sami wanda zai ɗaukaka kukansa gare shi.

Saura mu malamai, domin rabin sulhun da ake yi a ƙauyukan nan a zaurenmu ake yinsa, ko a ofishin Hisba, ko a ƙofar dagaci. Sulhu alheri ne, doka ma ta yarda mai haƙƙi ya sasanta a kan ƙananan laifuffuka. Amma sulhun da aka tara dattawa goma a kan mutum ɗaya, ana ce masa ka dubi zumunci, ka dubi furfurarmu, har ya ce na yafe idonsa yana hawaye, wannan tilas ce aka sa mata rawani. Abin da aka karɓa da kunya ba shi halatta. Kuma uba ba shi da ikon yafe haƙƙin 'yarsa ƙarama domin a rufa wa gidan wani asiri, ko domin an kawo buhun shinkafa; waliyyi ana ba shi iko ne domin maslahar wanda yake riƙo. In an kira ka sulhu, ya ɗan'uwa, fara da tambaya ko mai haƙƙin yana wurin, ko ya san ƙimar abin da ya rasa, ko an gaya masa yana da damar ƙi. In ɗaya ta ɓace, naɗe buzunka.

Ku kuma almajirai da Allah ya ba alƙalami, ga aikin da ya fi ƙarfin mutanen garinku ya kuwa yi muku sauƙi. In an cuci maƙwabci ku raka shi. Ku rubuta masa da ajami ranar da abin ya faru da sa'arsa, da sunayen waɗanda suka gani, da ranar da ya kai ƙara, da sunan wanda ya karɓa, da duk abin da aka ce ya biya da wanda ya karɓa. In ɓarnar gona ce a kira mai unguwa da adilai biyu su gani a ranar, mai waya ya ɗauki hoto. Kuma tun yanzu, kafin a shiga aikin rani, ku bi masu injuna ku kwafe musu lambar da ke jikin kowane inji a takarda, su ajiye tare da rasiɗin saye, domin inji goma ƙirar kamfani ɗaya in aka jera su a caji ofis, ba mai rabe nasa sai da lamba.

Haza wassalamu. An rubuta a Madobi.